Dattijon da Ya Zo Neman Hal Brannock

Kusan shekara ashirin na yi ina kashe mutane a kan takarda da sunan wani namiji da babu shi a duniya. Sunana Edna Voss, amma Hal Brannock ake bugawa a bangon mujalla, domin editanmu na New York ya ce ba mai sayen labarin bindiga da naushi in ya ga sunan mace a sama. Ban ja da shi ba. Lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, ga yarinya a hannu, ko sunan doki ya ce in ɗauka da na ɗauka.

Jarumin labaran nawa sunansa Dunnigan, mai bincike ne mai zaman kansa. Ba mata, ba aboki, sai kwalbar wiski a aljihun tebur da baki kamar reza. Duk wata sai wani ya shigo ofishinsa da ƙarya a baki, a maka masa gindin bindiga a ƙeya, ya farfaɗo, ya bi sawu unguwa-unguwa, a shafin ƙarshe ya faɗi sunan wanda ya yi kisan. Da kalma ake biyanmu, shi ya sa Dunnigan ba ya shiga ɗaki sai ya kwatanta labule da ƙafar kujera.

Zuwa 1951 sana'ar ta fara mutuwa a hannunmu. Mutane sun koma kallon talabijin, mujallu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda muka taso tare, wasu sun shige kamfanonin fim suna gyara maganar da wasu suka rubuta, wasu giya ta gama da su, ɗaya ya koma sayar da inshora. Ni da Orrin Slate muka rage a wani ɗaki a saman tsohon bene a Los Angeles: tebur biyu, tafireta biyu, da taga guda da ba ta buɗuwa sai rabi. Orrin tsohon ɗan jarida ne, ƙato, mai karyayyen hanci da murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Shi kuwa labaran soyayya yake rubuta wa mujallun 'yan mata, da sunan Lucille.

Wata Alhamis da hantsi aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wani dattijo ne gajere, kakkaura, cikin baƙar kwat da ta matse shi a kafaɗa, hularsa a hannu. Hannayensa kaɗai za ka duba ka san igiya da ruwan gishiri ne suka ci su. Ya kalle ni, ya wuce, ya je ya tsaya gaban teburin Orrin.

Ya ce, "Kai ne Mista Brannock."

Orrin bai ko ɗago ba ya ce, "Baba, ni ce Lucille. Ga Brannock can, mai tabarau."

Dattijon ya juyo ya dube ni, ya koma ya dubi Orrin. Ya ɗauka ba'a ake masa, har kunnuwansa suka yi ja. Sai na zare takardar da ke cikin tafiretata na miƙa masa, na nuna masa sunan a sama. Ya riƙe ta da nisa kamar mai riƙe da kifi mai ƙaya.

Ya ce, "Ba na karanta Turanci. Amma na ga dai ke ce." Ya miƙo min takardar. "To, Allah ya sa haka ya fi."

Na ba shi kujera. Sunansa Ante Bakulich, masunci ne daga San Pedro, can tashar jiragen ruwa, cikin mutanen da suka zo daga tsibiran Dalmatia, can Turai, tun kafin yaƙin duniya na farko. Yana da jirgin kamun kifi nasa. Ɗansa namiji guda, Niko, ya rasu a farkon bazara. 'Yan sanda sun ce ya sha giya ne ya zame, ya faɗa tsakanin jirgi da dakalin tasha, kansa ya bugu, ruwa ya ƙarasa shi.

Ya ce, "Niko yana sha, ban musa ba. Amma tun yana rarrafe yake kan jirgin nan. Ko cikin barci ƙafarsa ta san kowane katako."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Baba. Amma ni me zan yi maka?"

Ashe Niko ba ya barin mujallarmu ta wuce shi. Idan suna ɗinkin komar kamun kifi, sai ya riƙa karanta wa uban yana juya masa da harshensu. Dattijon ya san Dunnigan kamar maƙwabcinsa. Ya tuna min wani labari da ni kaina na manta na rubuta, har da launin motar da aka tsinci gawa a ciki.

Na ce masa, "Baba, bari in gaya maka gaskiya. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Gawa ɗaya na taɓa gani, ta mijina, ita ma a gadon asibiti. Abin da kake ji ɗin nan daga jarida da cikin kaina nake haɗa shi."

"Amma kin san yadda ake tambaya."

"Na san yadda ake rubuta amsa. Ni ke sa musu magana a baki, shi ya sa suke faɗa."

Ya juya hularsa a hannu. "Ki zo ki ci abinci da mu ran Lahadi. Iyakar abin da na roƙa ke nan. Ki zauna, ki duba, ki saurara. In ba ki ga kome ba, kin dai ci kifi mai kyau."

Ya kamata in ƙi. Amma 'yata ta yi aure tana can Ohio, Lahadina ba kowa a cikinta sai rediyo, kuma na kwana biyu Dunnigan yana tsaye a bakin wata ƙofa na rasa abin da zan sa ya tarar a ciki. Na ce zan zo.

Bayan ya fita Orrin ya kunna sigari ya ce, "Brannock, ƙeyarki ba ta da ƙwarin ta Dunnigan fa."

"Ka yi min aiki ɗaya, Lucille. Ba kana da wani tsohon sajen 'yan sanda a tashar ba?"

Ya yi ƙunƙuni, amma ya buga waya. Abin da ya samo bai wuce abin da dattijon ya faɗa ba, sai ƙari biyu. Mijin 'yar dattijon, Tomo Radich, shi ya faɗa ruwa ya fito da Niko, har shi ma ya kusa tafiya. Sannan duk ma'aikatan jirgin suna wurin, kuma duk magana ɗaya suka yi.

Orrin ya ce, "Lokacin da nake jarida, mutum biyu suka ga haɗarin mota, labari uku za ki ji. In kika ga taro guda bakinsu ya zo ɗaya, to an yi musu bita."

Ran Lahadi na hau jan jirgin ƙasa mai lantarki zuwa San Pedro. Tun kafin a isa warin kamfanonin kifin gwangwani ya shigo ta taga. Na sami Ante a ƙofar coci, an fito daga addu'a, maza sun yi cirko-cirko suna shan taba. Ya riƙa kai ni wurinsu ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ga Brannock, mai labaran da Niko yake karanta mana." Suka gaishe ni da ladabi. Wani mai furfura, kukun jirgin, ya ce min, "Yaron kirki ne. Ƙafa ce ta zame, ga santsi, ga duhun asuba." Na matsa gaba, wani saurayi mai tabo a haɓa ya ce, "Ƙafa ce ta zame, Madam, ga santsi, ga duhun asuba." Ba wanda ya kalli Ante a ido. Takalmansu suke kallo, ko teku.

Gidan yana kan tudu, ana hango tasha daga baranda. A bayan gida akwai rumfar inabi da itacen ɓaure. Matar Ante ta daɗe da rasuwa, 'yarsa Vinka ce ke riƙe da gidan, tare da mijinta da 'yan matansu biyu ƙanana. Vinka ba ta wuce talatin da kaɗan ba, amma idanunta sun girme ta. Ta karɓi jakata ba tare da ta yi murmushi ba.

Aka kawo farfesun kifi da tuwon masara, da giyar da dattijon ya haɗa da kansa. Akwai kujera ɗaya a gefen damansa da ba wanda ya zauna a kai. Tomo yana can ɗaya ƙarshen teburin, dogo ne, mai sanyin magana, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Yana ta cire wa ƙaramar 'yarsa ƙaya daga kifi, nasa kwanon kuwa bai taɓa ba. Ante ne kaɗai ke magana, yana ba ni labarin shekarar da kifi ya yi yawa har jirage suka kusa nitsewa, da yadda yanzu sai a kwana a teku a dawo da abin da bai kai a nuna ba.

Can Tomo ya ɗago ya ce, "Madam, in tambaye ki. A labaranki, kullum sai an gano?"

Na ce, "Kullum. Edita ba ya karɓa in ba a gano ba."

"Kuma kullum mugu ne?"

"Mugu ya fi sauƙin rubutawa."

Ya gyaɗa kai kamar na ba shi farashin kaya. Ya goge wa yarinyar baki, ya ce zai je ya duba inabi, ya fita ta ƙofar baya.

Bayan an gama na bi Vinka kicin, na ɗauki tsumma ina goge kwanukan da take wankewa. Na yi ta neman ta inda zan fara. Dunnigan da tuni ya jingina da bango ya jefa wata baƙar magana. Ni kuwa tambayarta na yi inda ake ajiye cokula.

Ta nuna min, sannan ta ce, "Baba ya ɗauko ki ki yi mana bincike ke nan."

"Abinci ya ce in zo in ci."

"Kin ci?"

"Na ci. Ya yi daɗi."

Ta ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta fita. Ba ta dube ni ba ta fara magana, a hankali, kamar mai karanta wa kanta.

"Tun da Niko ya dawo daga yaƙi bai dawo duka ba. Yau lafiya, gobe ya farfasa kujerun mashaya. Sau nawa Tomo yana ɗauko shi a kafaɗa ya kawo shi gidan nan. Tare suka taso fa, Niko ne ya haɗa ni da shi. To Baba ya tsufa, ya ce zai sauka, Tomo ne zai riƙe jirgi. Ya gaya wa Tomo, ya gaya wa ma'aikata, amma ya kasa gaya wa ɗansa. A mashaya Niko ya ji, a bakin wani da ke masa dariya."

Ta rufe famfo.

"Da asuba ya zo jirgi a buge. Ya zagi Tomo, ya zage ni, Tomo bai tanka ba. Sai ya ɗauki ƙugiyar ƙarfe, wadda ake jawo manyan kifi da ita, ya kawo masa sara. Tomo ya goce, ya kai masa naushi. Guda ɗaya. Niko ya yi baya ya faɗa, igiyar ruwa ta turo jirgi ta matse shi. Tomo ya bi shi cikin ruwan da takalmansa. Sauran kin ji a ƙofar coci."

Na ce, "Wa ya ce a ɓoye?"

"Ba wanda ya ce. Kuku ne ya fara faɗa wa ɗan sanda ƙafa ce ta zame, sauran suka bi. Suna ganin tsoho ya rasa ɗa, kada a ƙara masa da suruki. Ni a daren Tomo ya gaya min. Tun ranar nake dafa wa ubana abinci, in zuba wa mijina, in kai wa ɗan'uwana fure a kabari, duk da hannun nan."

"Me ya sa kika gaya min?"

"Don gobe ba zan gan ki a kasuwa ba."

"In faɗa masa?"

Sai a lokacin ta juyo. "Ki faɗa, ko kada ki faɗa. Ni dai na gaji, baiwar Allah. Ba ni da sauran ƙarfin zaɓa wa kowa."

Na sami Ante a baranda, ya cire kwat, yana kallon jiragen da ke ɗaure a ƙasa. Ya nuna min nasa, wani fari mai shuɗin baki. Na zauna. Ƙafafuna suna ciwo, kuma na ji ina ma ina ɗakina gaban tafireta, inda in magana ta yi nauyi sai in zare takardar in dunƙule.

Ya ce, "Kin daɗe a kicin."

"Kwanukan da yawa."

"Madam Brannock, ni ba yaro ba ne. Shekara da shekaru nake cin abinci a kwano ɗaya da mutanen nan. Tun ranar jana'iza, in na shiga rumfar ɗinkin koma sai hira ta mutu. Tomo ya gyara min rufi, ya yi min fenti, ya sake min matakala, ba wanda ya sa shi. Mutum ba ya yi wa surukinsa wannan hidimar haka kawai."

"To ka sani ke nan."

"Sani daban, ji daban. In na tambayi Vinka, na sa ta zaɓa tsakanin ubanta da mijinta. In na tambayi ma'aikata, na sa su ci amanar juna ko su yi min ƙarya a fuska. Ina son wanda ba namu ba ya faɗa. Niko ya ce min shi Dunnigan ba ruwansa da kowa, shi ya sa yake iya faɗa."

Na cire tabarau na goge. Na faɗa masa yadda na ji, ban ƙara ba, ban rage ba: mashaya, ƙugiya, naushi guda, da yadda Tomo ya bi shi cikin ruwa. Bai motsa ba har na gama. Hannunsa dai na ga ya kama hannun kujera ya saki, ya kama ya saki.

Ya ce, "A mashaya ya ji."

"Haka ta ce."

"Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa in gaya masa. In ji yana tari a ciki, in juya." Ya juyo ya dube ni. "To yanzu shi Dunnigan me zai yi?"

Na ce, "Zai ɗauki hularsa ya tafi, Baba. A nan labarin ke ƙarewa. Ban taɓa rubuta washegari ba."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya miƙe da ƙyar, ya zagaya bayan gida. Daga inda nake ina hango su ta gefen bango. Tomo yana ƙarƙashin rumfar inabi a zaune kan akwati, da ya ga tsohon sai ya tashi tsaye. Da harshensu suka yi magana, ban ji ko kalma ba. Ante ya faɗi abu kaɗan. Tomo ya daɗe yana magana, hannayensa a sake a gefensa, har ya nuna yadda ƙugiyar ta zo da inda ya goce. Ba ihu, ba kuka. Da ya gama, tsohon ya tsaya yana kallonsa, ya ɗaga hannu kamar zai dafa shi, hannun ya tsaya a hanya, ya mayar aljihu. Ya shiga gida, na ji an rufe ƙofar ɗaki.

Tomo ne ya kai ni tashar jirgin ƙasa a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya.

Na ce, "Me ya ce maka?"

"Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce in ci gaba da riƙe jirgi, yara suna buƙatar uba. Ya ce maganar ta mutu a nan."

"To ai shi ke nan."

"Gobe zan je wurin 'yan sanda."

Na dube shi. "Ba wanda ya ce ka je."

"Shi ya sa. Da ya mare ni, ko ya kore ni, da na iya zama. Amma kullum in zauna a teburinsa, ya miƙo min burodi, ya sani, na san ya sani?" Ya girgiza kai. "Madam, tun bazara ban yi barcin kirki ba. Ko a kurkuku ne, ina son in kwanta in yi barci."

"Vinka fa?"

"Za ta ce na zaɓi kaina. Kuma ba ta yi ƙarya ba."

Ya tsaya ya jira har jirgi ya zo, ya riƙe min jaka na hau.

Ya je kuwa. Orrin ya ji a bakin sajensa kafin jarida ta buga, a can shafin ciki, layi kaɗan. Lauyan gwamnati bai so shari'ar ba, amma an riga an yi wa hukuma ƙarya, sai da aka shiga kotu. Na je na zauna a bencin baya rana ɗaya. Kuku da sauran ma'aikata suka zo suka warware abin da suka faɗa, alƙali ya wanke su tas da faɗa. Ante ya tashi ya roƙa wa surukinsa sassauci da Turancinsa mai guntu-guntu. Aka ce kisa ne ba da niyya ba, aka ba Tomo 'yan shekaru a wani gidan yari can arewa. Ba wanda zai riƙe jirgi, ga kifi ya yi ƙaranci, kafin shekara ta zagayo Ante ya sayar da jirgin. Vinka ta shiga kamfanin gwangwani tana yanka kifi.

Na koma kan tafireta na gama labarin da na bari. Na sa Dunnigan ya faɗi sunan, sannan na hana shi tafiya, na zaunar da shi a falon mutanen har aka share tebur. Edita ya dawo min da shi, ya ce in yanke daga inda aka faɗi suna, mai karatu ba zaman makoki ya zo ba. Na yanke. Bayan fitowa biyu mujallar ta rufe. Orrin ya koma wurin ƙanwarsa a Fresno, ni kuma na sami aiki a wani babban kanti, ina rubuta tallar kujeru da firji.

An yi kamar shekara biyu, wata Asabar da rana, na je tashar mota in tarbi 'yata. Sai ga Vinka a kan benci, da kwali a cinya ɗaure da igiya, tana jiran motar arewa. Ta rame, hannayenta duk tsagar wuƙa. Na yi niyyar in wuce, amma ta riga ta gan ni. Ta janye jakarta ta ba ni wuri.

Na ce, "Wurinsa za ki?"

"Wurinsa. Busasshen ɓaure ne da safa. Rabin ma masu gadi ke cinyewa."

"Yana lafiya?"

"Ya yi ƙiba. Yana barci, in ji shi." Ta gyara igiyar kwalin. "Baɗi zai fito in Allah ya yarda. Ya ce ba zai koma teku ba, wai aikin kafinta ya koya."

"Baba fa?"

"Ɓarin jikinsa ya shanye tun hunturu. Ni ke ba shi abinci a baki. Maƙwabciya na bar masa yau. Ba ya magana sosai, sai dai kullum in na dawo ya tambaye ni ko Tomo ya sami bargo."

Na tambaye ta yara, ta ce babbar ta shiga aji uku, ƙaramar haƙoranta sun zube. Mai shela ya kira motarsu. Ta miƙe ta rungumi kwalin.

Na ce, "Vinka, kina jin haushina?"

Ta ɗan yi tunani, kamar mai son ta ba ni amsar gaskiya.

"Da na ji. Na ji naki, na ji na Baba, na ji na Tomo, har na Niko da ke kabari. Yanzu ba ni da lokaci. Ƙarfe shida nake shiga aiki."

Ta bi layi ta hau, ta zauna gefen da ba ya kallon tasha. Motar 'yata ta makara, sai na sayi kofi na koma kan bencin na ci gaba da jira.